Azumin da Inna Ta Ƙi Zama a Jamus

Shekaranjiya da la'asar hadari ya taso daga gabas, irin baƙin nan mai saukowa har kan itatuwan bakin gulbi, sai na ji 'yata tana tsaki a ƙofar ɗaki, wai VPN ɗin wayarta ya sauka. Ta dangwala babban yatsa sau ɗaya, kafin in gama naɗe tabarma ya dawo. Na tsaya ina kallonta raina yana ɓaci, alhali yarinya ba ta yi mini komai ba. Abin da take yi da yatsa ɗaya shi ya cinye mini azumi sukutum, a wata damina da har yau in na tuna ta sai in ji ɗacin yunwa a bakina.

A shekarar azumi ya faɗo tsakiyar damina, lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Gummi ba. Ina koyarwa a wata sakandare a Bukkuyum, aka yi dogon hutu na dawo gida. Manya uku ne a gidan: ni, da matata Rabi, da Inna. Baba ya rasu. Wana Murtala kuma yana can wata ƙasar Larabawa, cikin hamada, yana leburanci a wani kamfani mai shimfiɗa bututu.

Tafiyar tasa ba ta daɗi ba ce. Shanun huɗa biyu Baba ya bar mana, Murtala ya kai su kasuwa ana gab da shuka ya yi kuɗin hanya da su. Inna ta hana, ya ƙi ji. Ranar da zai tafi ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ta ce masa daga ciki, "Tahi, amma ba da yawuna ba." Ko labule ba ta ɗaga ba. Tun daga nan gonarmu ta koma ta jira: sai maƙwabta sun gama huɗarsu su ara mana shanu, don haka kullum amfaninmu yana bayan na kowa.

Wanda bai yi azumi a irin wannan wata ba bai san azumi ba. Gero ya fid da kai amma bai yi ido ba. Tsohuwar dawa ta ƙare sai ta gindin rumbu, mai warin ruma, wadda Rabi ke wankewa tana sakewa kafin ta kai niƙa. Sahur ɗumame ne da ruwan miyar kuka. Ana idar da asuba mu nufi fadama cire ciyawa a shinkafa, yau a gonar wannan gobe a ta wancan, don ba mai iya tasa shi kaɗai da azumi. Ruwa har gwiwa, matsattsaku suna liƙe maka a sangali, ga ƙishirwa tana ƙona maƙogwaro kana tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa. In rana ta leƙo bayan yayyafi sai wani zafi mai danƙo ya taso daga ƙasa, riga ta manne a baya. A gida kuma itace ya jiƙe, Rabi tana hura wuta idanunta jajur, sau da yawa a kira magariba kunu bai nuna ba, mu buɗe baki da ruwan randa da ɗan kwaɗon tafasa.

Murtala yakan aiko mini da imel, in je shagon intanet na wani Nasiru da ke bakin tasha in karanta. Sansaninsu babu sabis ɗin waya. Kwamfuta ɗaya ce a ofis, ana barin leburori su taɓa ta ranar Juma'a kawai, daga saukowa masallaci zuwa la'asar. Cikin Sha'aban ya rubuto cewa tari ya kama shi ya ƙi saki, ya faɗo daga bayan mota, duk abin da ya sa hannu sai ya lalace, kuma shi ya san fushin Inna ne ke bin sa. Bayan Salla za a tashi sansanin a nausa cikin hamada inda ko kwamfutar babu. Yana so ya roƙi gafararta kafin nan.

Na gaya wa Inna. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Ni ba ni yahewa ga takarda. Shi roƙa in jiya da kunnena, in ba shi amsa da bakina."

Na so mu naɗi murya mu tura, ashe kwamfutar tasu ba ta buɗe komai sai rubutu da wata manhajar kira guda ɗaya. Kai Inna shago kuma ba zance ba ne. Gwiwarta ba ta kai ta tasha, kuma ba za ta zauna cikin samari ta yi maganar da ke tsakaninta da ɗanta ba. Nasiru ne ya kawo shawara. Yana da babban faranti a bayan shagonsa mai ɗauko intanet daga tauraron ɗan'adam, ya ce zai iya harbo mini har gida in na sami dogon ƙarfe. Muka samo tsohon bututun rijiyar burtsatse, maƙwabta suka taru da igiyoyi aka tsayar da shi a tsakar gida, aka ɗaure shi a jikin itacen dogon yaro. A samansa ɗan farin akwati yana kallon tasha, waya ta sauko ta shiga ta taga zuwa wata tsohuwar kwamfuta da na aro. A unguwarmu ni na fara sa intanet a gida, kuma ban ɓoye taƙamata ba.

Taƙamar ba ta kwana ba. Na buɗe manhajar kiran, ta ce ba ta karɓar mutanen Nijeriya. Nasiru ya ce saboda 'yan damfara ne. Wato wasu ɓarayin zaune a biranen da ban taɓa takawa ba sun ɓata mana suna, ni kuma ga ni a Gummi da laka a ƙafa ina ɗaukar laifinsu. Na rubuta wa Murtala, sai da mako ya zagayo ya gani, sai da wani ya sake zagayowa ya aiko da mafita. Wani injiniya a wurinsu ya ba shi VPN, da suna da kalmar sirri. Ana ganin wata Nasiru ya zo ya sa mini.

Yadda ya bayyana mini, maganarka za ta fara bi ta wata kwamfuta a Jamus, a kulle, daga can ta wuce inda za ta. Masu tsaron ƙofa sai su ga baƙo ne daga Jamus, su buɗe masa. A kusurwar allo akwai hoton ɗan makulli: ja in bai kama ba, rawaya in yana fama, kore in ya riƙe. Abin da Nasiru bai gaya mini ba shi ne makullin nan ya fi jariri saurin farkawa. Layi ya ɗan ƙifta, ya sauka, sai ka koma ka sake rubuta komai daga farko, ka zauna kana kallon rawaya kana addu'a.

Ranar Alhamis ta farko a azumi, muna shan kunu bayan magariba, bakina ya ja mini.

"Inna, gobe in Allah ya so kina jin muryar Yaya," na ce. "An samu dubara. Na'urar tana nuna musu muna Jamus, sai su buɗe muna hanya."

Ta ajiye ludayi. "Muna Jamus?"

"A'a, muna Gummi. Su ɗai ka ɗauka hakanan."

"Wa ka hwaɗa musu?"

"Na'ura."

"Wa ka kunna na'urar?"

Rabi ta sunkuyar da kai cikin kwano, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"To ƙarya ta," in ji Inna. "Ni da hurhurata, da azumi ga bakina, in zamna a yi ƙarya da sunana? Ku bari sai an sha ruwa."

"In an sha ruwa an ruhe ohis ɗinsu, Inna."

"Shi jira Salla."

"Bayan Salla sun tashi."

"Allah na nan," ta ce, ta ɗauki ludayinta.

Ni da nake tsayawa gaban aji in yi bayanin yadda tsiro ke shan iska, na kasa yi wa tsohuwa ɗaya bayanin makulli. Na ce mata kamar mutum ne ya bi ta ƙofar maƙwabci. Ta ce mai bi ta ƙofar maƙwabci yakan yi sallama da sunansa. Na ce su suka fara zaluntar mu. Ta ce ba su za a tambaya azuminta ba.

Juma'ar farko na tayar da ɗan janareto duk da haka, da tunanin in ta ji muryarsa zuciyarta za ta karye. Tana jin ƙarar inji ta ɗauki carbi da kujerarta ta koma bayan gida wajen awaki. Makulli ya yi rawaya har na gaji, sannan ya yi kore. Na kira Murtala na yi sallama, shiru. Na ɗauka layin ya mutu na sake yi, sai ga amsar ta farko ta iso ta ci karo da tawa. Maganar sai ta hau sama, ta sauka Jamus, ta sake tafiya hamada, kafin ta dawo ka manta abin da ka tambaya. Muka koyi yin magana kamar masu ba juna hanya a kan gada.

"Tana nan?" ya ce.

Na gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, irin tarin nan mai fitowa daga ƙasan ƙirji, na zauna ina jin sa ba abin da zan iya. Da ya lafa ya ce, "Inna ke nan." Makulli ya yi ja.

Washegari na tari limamin unguwarmu bayan azahar, na zayyana masa komai ina fatan ya ba ni abin da zan kai gida. Ya shafa gemu ya ce, "In kai kah hwaɗi da bakinka kana Jamus, ƙarya ta. In ƙarhe yah hwaɗi, to gaskiya ban karanta hukuncin ƙarhe ba." Na kai wa Inna rabin da ya yi mini daɗi. Ta ce in liman bai sani ba, ita ta san zuciyarta ba ta kwanta ba.

Juma'a ta biyu marka ta sauka tun asuba, ruwa siriri mara yankewa, sama ta rufe ruf kamar an kifa ƙwarya. Farantin Nasiru ba ya gani in gajimare ya yi kauri, don haka ko Inna ta yarda babu abin da za a yi. Na ƙona mai a banza ina kallon rawaya tana komawa ja. A ranar ma katangar bayan gidanmu ta jiƙe ta zube, awaki suka fita, na bi su cikin taɓo ina faɗin maganganun da ba su dace da mai azumi ba.

Kafin ta uku gulbi ya cika ya fasa ta gefen fadamarmu. Ana saukowa daga masallaci aka yi shela kowa ya fito da buhu da shebur. Mutanen da ke ara maka shanu duk shekara ba za su shiga ruwa kai kana ɗaki gaban kwamfuta ba. Na tafi. Muka jera cikin ruwa har ƙirji muna miƙa wa juna buhunan ƙasa, ruwan ja ne mai sanyi yana jan ƙafa, kumfa da karmami suna wucewa ta gabanmu. Duk buhun da na karɓa ina tuna Murtala zaune a kujerar ofis, wasu a bayansa suna jiran layi, yana kallon sunana a dushe. Mun tare ruwan wajen magariba, amma ya riga ya kwantar da shinkafar da ke gangare, har da tamu. Ruwa ya kuma cinye hanyar Anka, motocin mai suka daina zuwa, 'yan bumburutu suka ɓoye jarkokinsu. Rabi ta ɗauki ɗan man da ya rage mana ta tura ƙarƙashin gado, ta ce ko ni ban isa in taɓa ba sai Juma'a.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushin Inna ƙwarai a kwanakin nan. Nakan gaishe ta in tashi ba tare da hira ba. Ga yunwa, ga shinkafa a ruwa, ga ɗan'uwana yana tari a hamada, ita kuma ta kafe a kan abin da ko liman ya kasa kira haram. Sai dai na lura tuwon sahur ɗinta yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Rabi ta ce mini Inna ta tambaye ta a ɓoye, wai da na yi magana da yaron nan, muryar tasa lafiya take?

Juma'ar ƙarshe ta zo cikin goman ƙarshe, an fara gasa tumun sabon gero a wasu gidaje. Da hantsi Inna ta aika Rabi ta kira ni.

"Mutanen ga da ka tsaron ƙohwa," ta ce, "suna jin abin da aka hwaɗi ciki?"

"Ba su ji, Inna. A kulle maganar take."

"Su jiya, su ƙi ji, ruwansu. Ni dai in hwaɗa musu gaskiya da bakina tukuna. In sunka so su ruhe."

Na ce na yarda, amma don girman Allah ta taƙaita. Na nuna mata gabas. Tun lokacin wani farin gajimare ya fara tara kai, iska ta tsaya cak, kaji sun buɗe baki a inuwa.

Ko addu'ar bayan salla ban tsaya ba na dawo gida da gudu. Na tarar Inna ta yi wanka ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi, ta zauna a tabarma gaban kwamfuta kamar mai jiran baƙo. Rabi ta zuba mai ta rufa wa janareto buhu. Na rubuta suna da kalmar sirri, don sauri na yi kuskure na sake. Rawaya. Gajimaren ya yi baƙi, iska ta fara kaɗa wayar da ke taga. Rawaya dai. Sai kore. Na danna kira, aka ɗauka.

"Salamu alaikum. Inna?"

Na ga leɓenta ya motsa, amma ba ta amsa masa ba. Ta gyara mayafi ta fuskanci allon.

"Ku masu ƙohwag ga, salamu alaikum. Ni ba ni Jamus, ban taɓa zuwa ba, ban san inda tad dosa ba. Ina Gummi, gidan marigayi Malam, bayan kasuwar kihi, in kun wuce rijiya gida na biyu mai dogon yaro. Yaron ga da yak kunna shi ma nan shike, da matatai. In kun yarda mu wuce, mun gode. In ba ku yarda ba ku ruhe, ba mu hushi."

Sannan ta yi shiru tana jiran su ba ta amsa. Wallahi ta jira. Na cije leɓe har na ji gishiri, ina kallon ƙofa inda ganye ke shigowa da iska, ina kallon makulli. Ɗigon farko ya buga kwanon ɗaki.

"To, sun yarda," ta ce. "Kai kuma ina jin ka."

Maganarta ta kama doguwar hanyarta. Muka jira ta je, muka jira tasa ta dawo.

"Inna, don Allah, don Annabi, ki..."

Ruwa ya sauko gaba ɗaya kamar an juye tulu. Makulli ya yi ja.

"Inna, ya yanke," na ce, na kai hannu zan sake rubutawa. Ta buge mini hannu.

"Ya roƙa, na jiya," ta ce. Ta matsa kusa da allon, ta ɗaga murya sama da ƙarar kwano. "Na yahe ma, duniya da lahira. Shanu dabbobi na, da ka bar su ma da yanzu sun tsuhwa. Nonon da kas sha na yahe, hawayen da niy yi na yahe. Ka sha magani, ka bar kwana ga sanyi. Allah shi yi ma albarka, Allah shi maido ka."

Ta shafa, Rabi ta shafa tana kuka. Ni kuwa na yi ta rubuta suna da kalmar sirri har la'asar ta wuce, har janareto ya shaƙe ya mutu. Na fita tsakar gida na kama bututun nan da hannu biyu ina jijjiga shi kamar shi ya yi mini laifi, ruwa yana dukan fuskata, na datse baki gam don kada ya shiga ya karya mini azumi. A daren Inna ta cinye tuwonta tas, har ta nemi ƙari.

Na rubuta wa Murtala duk abin da ta faɗa, ban rage kalma ba. Amsarsa ta zo bayan Salla, gajeriya: ya gode, amma shi bai ji ba. Daga nan sansaninsu ya tashi, muka daina jin ɗuriyarsa. Inna ta rasu da bazarar da ta biyo, bayan 'yar gajeriyar jinya, hankalinta kwance. A wajenta magana ta ƙare tun ranar nan.

Sai da wata damina ta wuce Murtala ya dawo, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Da masu gaisuwa suka watse ya ce in nuna masa inda ta zauna. Na kai shi ɗakin, na nuna masa gindin taga. Ya zauna a ƙasa a wurin.

"Ni kwatancen gida ɗai nij jiya," ya ce. "Tun daga kasuwar kihi har dogon yaro, duk ya iso. Ina soma roƙo sai ƙara." Ya yi tari ya share baki. "Mi tac ce?"

"Ai na rubuta ma, Yaya."

"Na karanta. Hwaɗa min da baki."

Na faɗa masa. Muryata ce, ta namiji, mai kaushin alli da tsawar aji, ba ta yi kama da tata ko kaɗan ba, kuma mu duka mun san haka. Ya saurara kansa a sunkuye har na kai ƙarshe.

"Wajen shanun nan," ya ce. "Sake hwaɗi, wada tac ce shi."

Na sake faɗa.